Yadda Za Ka Ƙi Bashin Gyaran Titi Kuma a Gyara Naka

Ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci za a shimfiɗa kwalta har ƙofar gidanka, sunanka na maƙiyin haraji kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba. Malaminmu a wannan fanni shi ne Orval Teague na garin Cutler Springs a Oklahoma, dattijon da in ka cire a-kori-kurarsa, babu abin da ya mallaka sai sunan da ya yi wajen cewa a'a.

1. Ka yi suna tukuna

Duk sanda hukumar gari ta nemi izinin masu zaɓe don ta ci bashi, masu gidaje su riƙa biya a hankali cikin harajinsu, kai dai ka ce a'a. Orval ya ƙi bashin makaranta, ya ƙi na motar kashe gobara, na ɗakin karatu kuwa ya ƙi shi tun ba a gama yi masa bayani ba. Shi ya sa a shagon kofi na wata mata mai suna Wanda kujerar jikin taga tasa ce, abokansa kuma Shugaba suke ce masa.

2. Ka samu rami

Wannan ba wuya, ƙanƙarar hunturu za ta haƙa maka kyauta. Na layin su Orval ya ci masa tayoyi, ya yi ta sayen wasu. Ranar da ramin ya kifar wa matarsa Lurleen kek ɗin bikin coci a kan cinya, sai zance ya canza.

"Tsoho, buɗe kunnenka," in ji ta. "In bashin gyaran titin nan da za a kaɗa wa ƙuri'a bai wuce ba, Tulsa zan koma wajen yayata. Sai ka auri ramin."

Orval ya tsorata ƙwarai, don ko ƙwai bai iya soyawa ba.

3. Ka ƙara murya

Kafa allon A'A a ciyawar ƙofar gida, wanda ya fi na bara girma. A taron majalisar gari ka miƙe ka koka wa jikokin da za su gaji bashi. Ba sai kana da jikoki ba.

"Shugaba, ramin layinku fa?" in ji Buford a shagon kofi, tsohon mai gyaran famfo, wanda shi ma motarsa a karkace take tafiya.

"Kakanninmu da keken doki suka shigo jihar nan. Wa ya yi musu kwalta?"

Teburin abokansa ya ɗauka baki ɗaya: "Faɗa musu, Shugaba!"

4. Ka shiga bayan labule

Ƙuri'a sirri ce, kuma nan hikimar take. Orval ya shiga zauren cocin unguwa inda ake kaɗa ƙuri'a, fuska a murtuke, ya waiga hagu da dama, ya cike gurbin E. Lissafinsa ba laifi: su Buford za su zuba a'a tuli, tasa guda ta narke a ciki kamar gishiri a miya. Ya fito yana tsaki, yana cewa ƙasa ta lalace.

5. Ka shirya fuskar wanda aka kayar

Washegari ka sammaka shagon kofi, kana girgiza kai. Sai dai akwai abin da Orval ya manta: akwati-akwati ake faɗin sakamako, unguwarsu kuwa 'yar mitsitsiya ce. Wanda ta ƙaro muryar rediyo. Bashi ya wuce. A akwatin cocinsu, ba a samu a'a ko ɗaya ba.

Dattawan teburin, kowa da hularsa mai tambarin A'A, suka duƙufa nazarin abin da ke cikin kofunansu.

"Na'urar ƙirgar ce ta lalace," in ji Buford ƙasa-ƙasa.

"Ai kuwa," in ji Wanda. "Yadda tayoyinku suka lalace. Shugaba, in ƙara maka kofi? Bari, na san amsarka." Ta cika masa.

6. Ka rayu da kwaltarka

Titi ya yi sumul, Lurleen ba ta je ko'ina ba. Da harajin gida ya zo da ƙari, Orval ya gyara zama a jikin taga, ya buɗe baki zai fara. Buford ya dube shi, ya dubi Buford. Ya mai da bakinsa ya rufe, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da kuɗin. Yanzu Wanda kaɗai ke ce masa Shugaba.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba ruwansa da harajinka, da tayarka, da aurenka. Alkawarin kwalta mun cika. Tabbacin da aka ba ka game da suna kuwa yana da sharaɗi guda, wanda aka sha'afa ba a faɗa da farko ba: kada abokanka su ma su karanta.