Harshen Babban Masani

A duk kamfanin neman man fetur ɗin nan babu na'urar da ta kai harshen Babban Masani daraja. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a musa ba, domin ba ya barin sarari a magana.

Aikin sashensa duba duwatsun da ake haƙowa daga ƙasan tsoffin tafkunan gishiri, a gane ko sun haifar da mai. Abokan aikinsa kan niƙa dutse, su gasa shi a na'ura, su zauna jiran sakamako. Masani lasa yake yi. A bayan idonsa sunansa Baba Ɗanɗano.

"Inda gishiri ya yi yawa, ƙasan tafki ba iska," yakan ce. "Inda ba iska, gansakuka ba ta ruɓewa, ita ce ke zama mai. To me zan yi da na'ura? Na'ura ta taɓa yin digiri?"

Da shugaban sashe ya yi ritaya, daraktoci suka ce za su ga aikin kowa kafin su ba da kujerar. Masani ya aika tela ya ɗinka masa sabuwar kwat, ya kuma sanar a gida.

"Maigida, likita ya hana ka gishiri," in ji matarsa. "Ni ina rage shi a tukunya, kai kana lasowa a ofis."

"Wancan gishirin ilimi ne. Ba ya sa hawan jini."

Ranar da daraktocin suka zo, ya zaɓi dutse mai toka-toka daga sabuwar rijiya, ya lasa, ya lumshe ido kamar mai sauraron labari daga nesa.

"Ranka ya daɗe, wannan tafki ya fi teku gishiri. Mai yana nan kwance. Ɗanɗana ka ji."

Babban darakta ya karɓa. Mutum ne mai ƙyanƙyami, ba ya lasar inda wani ya lasa, sai ya tsiyaya ruwan gorarsa a kan dutsen, ya goge da hankici sosai, sannan ya kai harshe. Ya sake kaiwa.

"Masani, ni dai dutse nake ji."

Kujerar ta tafi wurin matar da ke kula da na'ura. Gishirin da Masani ya lasa kuwa na lakar da masu haƙa ke zuba wa rijiya ne, ita ce ta manne a jikin dutsen. Buhu-buhu kamfanin ke sayo shi.