Ɗakin da Na Fi So a Fadar Andalus

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Maman Sadik ta dawo daga Sifen ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙari. A shekarun tamanin ne, muna aikin jinya tare a wani asibiti a Riyad. Ajinmu ɗaya tun a Zariya, jirgi ɗaya ya kawo mu. Amma da hutu ya zo, ita mijinta ya kai ta Garnada ganin fadar sarakunan Musulmin Andalus, ni kuwa nawa ya kai ni kasuwar Aziziya sayen buhun albasa.

Ta tara mu, mu matan Najeriya, a gidanta da ke unguwar Shifa, ta kawo gahawa da dabino, ta baje hotuna a kan darduma. Na so a ce ba su yi kyau ba, amma sun yi. Ga ginshiƙai sirara kamar rake, ga zakunan dutse suna fitar da ruwa ta baki, ga bango an sassaƙa shi kamar leshin amarya.

"Wallahi Maman Halima, da na ɗaga kai na ga rufin nan sai hawaye," in ji ta, tana kallona. "Duk inda kika duba an rubuta babu mai rinjaye sai Allah."

Mata sai mashallah suke yi. Ni kuwa na ci gaba da tauna dabino. Can sai na ji bakina ya ce, "Ai ni ma na je, tun kafin mu zo Saudiyya." (Iyakar tafiyata kafin nan Maraɗi ce, bikin 'yar gwaggona.)

Kowa ya juyo kaina, ni kuma daɗi ya ɗebe ni. Na zaro wani hoto mai tayil shuɗi da kore, na rungume shi a ƙirji.

"Wayyo, ɗakin nan! Shi na fi so a duk fadar. Nan na zauna na ci abincina, har sai da mai gadi ya roƙe ni in fita."

Maman Sadik ta karɓi hoton ta duba. Sannan a hankali ta ce, "Wannan banɗakin otal ɗinmu ne. Tayil ɗin na ɗauka, ina so a yi min irinsa a gida."

Hajiya Rabi, babbar cikinmu, ta ƙware da gahawa. Wata ta ce, "To, ya abincin ya yi?" Dariya ta ɓarke har mazajenmu suka aiko daga falonsu a ji ko lafiya.

Daga ranar na koyi cewa mashallah da ƙarfi. Bai raba ni da hassada gaba ɗaya ba, amma yana cika min baki kafin wata maganar ta fito.