Atishawar da Ta Ceci Auren Ɗana

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Tafo nema wa ɗana aure ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu Aboabo ba za su bari ba, don har yau in na yi atishawa a masallaci sai wani ya leƙo ya ce, "Olman, yau wace kala?" (Olman, wato tsoho, haka suke kirana.)

Ni fenta ne. Tun gashina yana baƙi nake fesa fenti a gine-ginen Kumasi. Ni da boko a bakin ƙofa muka gaisa, kowa ya kama gabansa. Amma akwai ilimi guda da na gada wurin maigidan da ya koya mini aiki, kuma na riƙe shi gam: in ka gama feshi, ka huda gwangwanin madara ka shanye, ta wanke maka ƙirji tas. (Maigidan nan tari ne ya kai shi kabari, amma ban taɓa haɗa maganar biyu ba.)

Ɗana Razak shi ma ɗan gini ne, sai dai irin na zamani, masu hular kwano da takalmi kamar na soja. Wata rana ya shigo da wani abu a leda.

"Baba, tarin nan naka na asuba ba na son shi. Ga takunkumi, mai tace warin fenti ne. Don Allah ka riƙa sawa."

Na juya abin. Roba ce baƙa, da wasu gwangwanaye biyu a kumatu. Na ce, "Razak, ni da na je Makka, a tsufana za ka sa mini bakin alade?" Na karɓa dai don kada ransa ya ɓaci, kuma wallahi ya yi mini amfani, don ban taɓa samun abin da ke ajiye goro da sanyi kamarsa ba. A ciki nake zuba nawa.

To, Razak ya ga yarinya a Tafo, Fuseina, 'yar Alhaji Seidu. Shi Alhaji Seidu mutum ne mai tsanani, an ce samari biyu ya kora saboda kawai an gan su zaune kusa da inda ake shan giya. Da ƙyar ya yarda mu kawo goro bayan la'asar. Murna a gidanmu ba a magana! Uwar Razak ta kwana biyu tana guga babbar rigata. Shi kuwa yaron ko abinci ya kasa ci.

Ranar Asabar ɗin da safe ya ce, "Baba, yau kada ka je aiki."

"Haba, ƙofofi ne 'yan kaɗan, kuma ginin a Tafo yake, bayan gidan surukan naka. In gama, in sa riga, in taka."

Ƙofofin ƙarfe ne, kore mai gidan yake so. Na jera su a wani ɗaki, na dama fenti da tina, wato ruwan nan mai ƙarfin wari da muke tsinka fenti da shi. Ina shirin farawa sai Kwaku mai tayil ya kunna injinsa a tsakar gida. Yanka yake yi a bushe, ko ɗigon ruwa babu, farar ƙura ta taso kamar an fasa buhun fulawa. Duk fenta ya san ƙura in ta sauka a ɗanyen fenti aiki ya lalace. Sai na yi dabara irin ta manya: na rufe tagogi, na rufe ƙofa, na cusa tsumma a ƙasanta. Babbar rigar ma na shigo da ita na rataye a ƙusa, kada ƙura ta taɓa ta.

Na fara feshi. Ei, aiki ya yi daɗi! Can na ji kaina ya yi sakayau. Na tuna wata waƙa ta zamanin samartakarmu, na kama rerawa. Na lura ƙofar da nake fesawa tana ɗan rausaya, na ce mata ta tsaya. Da na gama, na goge hannuna da wuyana da tina (mu haka muke wanka), na shanye madarata, na zura riga.

Malam Issaka, aminina tun muna yara, yana jirana a bakin titi da ƙwaryar goro. Yana ganina ya ja baya.

"Kai, me ka sha?"

"Madara."

"Madarar wace saniya ce wannan?"

Dariya ta kama ni har na riƙe sandar lantarki. Ya ce mu koma. Na ce Alhaji Seidu ba ya son a makara, kuma ni ban taɓa jin daɗin jikina kamar yau ba.

Mun tarar da falo cike. Dattawa sun jeru, ga Alhaji Seidu a tsakiya da carbi, ga yayarsa Hajiya Memuna a gefe, tsohuwa mai ido kamar na ɗan sanda. Na rangaɗa sallamar da ta sa wani jariri kuka a cikin gida. Aka nuna mini kujera. Na zauna, sai dai kujerar ba ta wurin da na zauna.

Issaka ya ɗaga ni daga ƙasa yana cewa, "Gajiya ce, gajiya ce." Na ga hancin dattawa ya fara motsi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tashi ya buɗe taga.

Aka yi addu'a, aka ce uban yaro ya faɗi abin da ya kawo shi. Maganar nan na yi sati ina haddace ta. Na buɗe baki, na ce, "Mun zo ne saboda 'yarku..." Sunan ya gudu. Na ɗaga kai ina nemansa a bango, sai idona ya faɗa kan fentin falon.

"Alhaji, tsakani da Allah, wane mugu ne ya yi maka wannan fenti? Ya cuce ka. Ko akuya aka ɗaura wa buroshi a wutsiya za ta fi shi."

Issaka ya murɗe mini cinya.

Alhaji Seidu ya ce, "Ni na yi da hannuna."

Kuma, jama'a, dariya na yi. Ina jin kaina ina yi, na kasa tsayawa.

Ya ajiye carbinsa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce, "Malam Issaka, ɗauki goronku. Ba na ba da 'yata gidan da uba ke zuwa neman aure a buge. Tun daga ƙofa nake jin warin giyar akpeteshi."

Akpeteshi! Ni da ko ƙofar mashaya ban taɓa fesawa ba! Nan take rabin abin ya sake ni. Na tuna fuskar Razak da safe. Na fara rantsuwa, harshe yana harɗewa, kowace rantsuwa tana ƙara nuna ni mashayi ne. Issaka ya riga ya ɗauki ƙwarya.

Sai Hajiya Memuna ta miƙe da kaskon turaren wuta, wai a kori warin. Ta zagayo da shi daidai fuskata. Hayaƙin ya shiga hancina. Na laluba farin hankicin da uwar Razak ta goge mini, na saki wata atishawa da ta girgiza labule.

Na duba hankici. Kore shar.

Hajiya ta fizge shi, ta kai wurin taga, ta dawo ta kama haɓata kamar ɗan yaye, ta ɗaga kaina tana leƙa hancina.

"Seidu, zo ka gani. Wannan ba giya ba ce. Mutumin nan ya yi wa cikin kansa fenti."

Dattawa suka taso ɗaya bayan ɗaya suna leƙa hancina. Ni Alhaji guda, da babbar riga, baki buɗe. Wani har da fitilar waya.

Na ba da labari duka, har da tagogi da tsumma. Hajiya ta ce, "Ba ka da abin rufe hanci?" Issaka, Allah ya saka mini, ya ce, "Yana da shi, Hajiya. Goro yake ajiyewa a ciki." Na ce ai na sha madara. Ta ce, "Ta hanci ka sha ta? Madara ciki take tafiya, Alhaji. Abin da ka shaƙa wata hanya ya bi."

Kowa ya yi dariya ban da Alhaji Seidu. Ya ce ƙaninsu fentin mota ya yi a garejin unguwar Magajin duk rayuwarsa, yanzu daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta a hanya. Sannan ya ce, "Issaka, ajiye goron. Yaron da ya saya wa ubansa takunkumi zai kula da 'yata. Uban ne abin dubawa. Sai na ga ya je asibiti an duba ƙirjinsa kafin mu sa rana."

Na je. Abin da likita ya gaya mini bai yi daɗi ba, amma ya ce in na daina wauta akwai sauran numfashi. An ɗaura aure, Fuseina tana gidanmu, yanzu haka ina da jika mai kama gemuna.

Na zazzage goron. Razak ya canza gwangwanayen, don ashe su ma suna gajiya. Yanzu in zan yi feshi tagogi a buɗe suke, Kwaku kuma in bai zuba wa tayil ruwa ba, ba ya kunna inji kusa da ni. Yara suna bina suna cewa Olman ya zama alade, ina ɗaga musu hannu. Na gwada biyun, kuma ina gaya muku, sa bakin alade a wurin aiki ya fi sauƙi a kan surukai su jeru suna haska hancinka.

Madara kuwa har yanzu ina sha. A shayi.