Duba-Garin da Ya Fi Ƙarfin Tsintsiya

Duk wanda ya zauna a Kiru a shekarun da keke yake abin kallo, in ya ce bai san Malam Wada Duba-Gari ba, to bai taɓa ajiye ruwa a randa ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri. Ya yi karatun tsafta a Kano, ya dawo da kaki da doguwar safa, da wani ludayin ƙarfe da yake ratayawa a ƙugu kamar takobi. Da ludayin nan yake ɗebo ruwan randunan mutane, ya ɗaga a rana, ya kanne ido ɗaya yana neman tsutsar sauro. In ya gani, a fasa randa. In bai gani ba, ya ja tsaki ya ce ɓuya ta yi. Matan gari suka sa masa Dodon Randa. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, don a ganinsa ba kowa ake ce wa dodo ba.

Asalinsa ɗan Badafi ne, can aka yanke masa cibiya, can ya yi kiwon awaki ba takalmi. Amma Malam Wada mutum ne mai yawan aiki, ba shi da lokacin tuna irin waɗannan abubuwa. In ya tsaya a bakin kasuwa yakan dafa kekensa ya ce, "Jama'a, kafin zuwana garin nan ƙuda ne yake mulki. Ku gode wa Allah da ya ba ku mutumin da ya san ciwo tun kafin ya shigo gari." Mutane su ce haka ne, ranka ya daɗe, don kowa yana da randa a gida.

Mutum ɗaya ce a Kiru ba ta ce masa ranka ya daɗe. Ita ce Laraba mai fura, taubashiyarsa, 'yar yayar mahaifinsa. Ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta goya shi yana jariri. Aure ya kawo ta Kiru, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, furar nan da take damawa a kasuwa ita ce cinsu da suturarsu.

To, kowa ya san ranar cika-ciki ta taubasai ce. Ɗan mace ya ɗauki tsintsiya ya je ƙofar ɗan namiji, ya share, ya zazzage shi son ransa, shi kuma ɗan namijin ya yi dariya ya ba da goron shara. Haka aka taso aka tarar, kuma Laraba ba ta taɓa fashi ba. Sai dai wata shekara ranar ta zo daidai da zuwan wani shugaban Malam Wada a wurin aiki daga Kano. Suna tsaye a ƙofar gida, Malam Wada yana ba shi labarin yadda ya ceci garin daga halaka, sai ga Laraba da tsintsiya a hammata.

Ta sunkuya ta fara shara ta wajen takalmansa. Ta ce, "Ɗaga ƙafa, ubangidana mai jiƙa mini baya." Ta dubi baƙon ta gaishe shi, ta ce, "Malam, kada kakin nan ya ruɗe ka. Ni na goya shi, kuma har aka yaye shi zanena bai taɓa bushewa ba."

Baƙon shi ma yana da taubasai a garinsu, saboda haka ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam Wada kuwa ya ji kamar an tuɓe masa kakin a tsakiyar kasuwa. Bai ba da goro ba. Manyan mutane ba sa ramuwa da baki.

Ranar kasuwa ya nufi rumfar Laraba kai tsaye. Ya sa ludayin ya ɗaga faifan da ta rufe ƙwarya da shi, ya leƙa, ya toshe hanci. Ya jira sai da mutane suka taru, sannan ya ce, "Ku shaida, ni ba na duba dangi a kan aiki. Wannan fura ba ta dace da cikin ɗan Adam ba." Ya sa aka tuntsurar da ƙwaryar a ƙasa. Furar ba abin da ya same ta, shi ma ya sani. Amma wa zai sayi abin da hukuma ta zubar? Masu saye suka janye. Asibi, Bafulatanar da take kawo mata nono, ta koma wata rumfa. Kafin kaka ta ƙare Laraba ta bar kasuwa, ta koma yi wa mutane surfe da daka a gidajensu.

Labari ya kai Badafi wurin mahaifinsa, Malam Maikano. Tsohon ya ɗauko rigar da Wada ya aiko masa da ita, ya ba wani mai zuwa Kiru ya mayar. Ya ce a gaya masa ba zai ci abincinsa ba, ba zai taka gidansa ba, sai ranar da Laraba ta sake share masa ƙofa ta zage shi kamar da.

Wannan ta shiga Malam Wada. Yana son tsohonsa, wannan gaskiya ce, kuma ya fi jin zafin yadda mutane suka fara tambayarsa lafiyar baba da wata irin murya. Ya zauna ya yi nazari irin na masu ilimi, ya ga lallai a yi sulhu. Ya kira ɗaya daga cikin leburorin kwasar shara ya aike shi. Leburan ya je ya tsaya a zaure ya ce, "Malam ya ce a gaya miki ya yafe miki." Laraba tana riƙe da taɓarya ta ce a ce masa ta gode. Malam Wada ya zauna jiran tsohonsa, tsoho bai zo ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya yanke shawarar zuwa da kansa. Ya sa aka goge kaki, aka wanke keke, ya gayyato mai unguwa da wasu dattawa, don alheri irin wannan bai kamata a yi shi a ɓoye ba. Laraba ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Dattawa suka zauna. Shi bai zauna ba, saboda karin guga. Ya tsaya a kanta, ya gyara murya.

Ya ce, "Laraba, kin san matsayina, kin kuma san ba kowane gida nake shiga haka kawai ba. Abin da ya faru ya faru. In ma an yi ba daidai ba, aiki ne ya yi, ba ni ba. Ke ma da kin iya bakinki da ba a kai ga haka ba. Saboda haka na zo a gaban waɗannan bayin Allah in nuna miki ban riƙe ki da komai ba. Ranar cika-ciki kina iya zuwa ki yi shararki, sai dai ki lura da wanda yake tsaye."

Yana cikin wannan jawabi idonsa ya faɗa kan randar da take gindin bango. Ya yi ƙoƙari, a gaskiya ya yi. Amma hannun ya riga ya saba. Kafin ya rufe baki ya ɗaga murfin, ya tsoma ludayi, ya ɗaga a rana ya kanne ido. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Laraba ta daɗe tana kallonsa. A da in ta dube shi yaron da ta goya take gani, ko ya sa kakin duniya. Ranar nan ta nema ba ta gan shi ba, kuma abin ya fi zubar da furar yi mata ciwo. Ta gyara lulluɓi, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, mu su wa da za mu yi fushi da hukuma? Allah ya ƙara girma."

Malam Wada ya fito yana washe baki. Duk wanda ya gamu da shi sai ya gaya masa an shirya, har durƙusa masa ta yi. Ya aika Badafi da wannan albishir. Tsohon ya tambayi ɗan aiken, "Ta zage shi?" Aka ce a'a, gaishe shi ta yi. Ya ce to, ya ci gaba da fiƙe ƙotar fartanyarsa.

Da cika-ciki ta kewayo, Malam Wada ya shirya mata kamar mai jiran naɗi. Tun ana saura kwanaki ya hana iyalinsa share ƙofar gida, don taubashiya ta sami abin sharewa a idon jama'a. Totuwar masara ta taru, ɓawon gyaɗa ya taru, awakin maƙwabta suka ba da tasu gudummawa. Ranar ya fito da kujera, ya ajiye farin goro a faranti, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Gari ya kaure da wasa. Nan ana jan wani da riga, can wata tana bin wani dattijo da tsintsiya yana dariya yana neman ceto.

Da hantsi ya gan ta tafe, tsintsiya a hammata. Ya gyara zama, ya shirya dariyar da zai yi, wadda ba za ta zubar da girma ba. Laraba ta iso daidai ƙofar. Ta dubi juji, ta dubi goro. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya aiki?" Ta miƙe ta wuce gidan Gwadabe maƙeri, wani ɗan kawun nata, kuma tun daga bakin lungu ake jiyo ta tana ce masa mai kan tulu, shi kuma yana ƙyaƙyata dariya.

Malam Wada ya zauna har rana ta take, goron ya fara yaushi a faranti. Ba wanda ya zo daga Badafi. A ranar, duk faɗin Kiru ƙofar gida ɗaya ce ba a share ba, kuma ba wanda zai kai ƙara, don mai gidan shi ne duba-gari.