Ragon Nowel da Na Yanka da Hannuna

Shekarar da aka turo ni aikin asibiti a Gure, na ƙudurta sai maƙwabtana Musulmi sun ga irin karɓar baƙin da Almasihu ya koya mana. Da Nowel ta matso, na je har Kelle na zaɓo ƙaton rago.

Matata ta ce, "Baban Rahila, a kira Alhaji Mamman mai kanti ya yanka mana. Haka Kiristocin garin nan ke yi, don kowa ya ci."

Na ce, "Ragona, a gidana? Miƙo wuƙa."

Yankan kuwa ya yi kyau. Har ƙofar gida na tsaya da jini a hannun riga, ina ba masu wucewa labari.

Bayan azahar zaure ya cika. Na yi addu'a, aka ajiye farantai, ina ta "Bismillah, ku ci!" Hannuwa suka yi ta wuce nama suna ɗaukar dabino.

Alhaji Mamman ya gyara murya. "Likita, Allah ya saka da alheri. Amma mun ji wanda ya yanka."

Duk da haka ba wanda ya tashi. Suka zauna har la'asar, ana shan shayi, suna tambayata labarin haihuwar Annabi Isa. Ragon kuwa mu muka ci abinmu, har Rahila ta koma kuka in ta ga nama.

Har yau, da Disamba ta kama, Alhaji zai leƙo daga kanti: "Sarkin Fawa! Bana za mu ci, ko wuƙar har yanzu tana hannunka?"