Mai Jarin Kalandar Bara

Wani ne, masinja a wani ofis, irin mutanen nan da in an ce musu gabas sai su ce ai sun riga kowa sani, alhali yamma suka dosa. Shekara uku yana tara kuɗin babur a gwangwanin madara, don ƙafa ta ishe shi. Har takalminsa ya buɗe baki.

Rannan aka kawo wani masani ya koya wa ma'aikata yadda ake zuba jari. Gogan naka aka sa rabon shayi. Ya shigo da tire, ya ji masanin na cewa, "Ku sayi abu lokacin da farashinsa ya faɗi, kowa na gudunsa." Sai aka aike shi sukari. Ya dawo, ya ji, "In ya ƙara faɗuwa kada ku firgita, ku ƙara saye." Aka ce ya je ya wanko kofuna. Da ya sake leƙowa ya tsinci, "Sai haƙuri, shekara biyar, goma."

Shi ke nan, malam ya sauke karatu. Ko sunan abin da ake saye bai ji ba.

Da aka tashi ya bi ta shagon wani mai ɗab'i, ya hango kalanda jibge a lungu, ƙura ta rufe.

"Nawa-nawa waɗannan?"

"Na bara ne fa," in ji mai shago.

"Na ce nawa?"

"Da can suna da tsada, amma yanzu ko kwatan kuɗin ka bayar."

"Mutane na saye?"

"Wa zai saya? Gudu ma ake."

Ya garzaya gida ya juye rabin gwangwani, ya yi hayar kura ta kwaso. Bayan sati ya koma ya tambayi farashi. Mai shago ya dube shi sama da ƙasa, ya ce sauran ya kawo ko nawa ne. Wawan ya ce, "Ya ƙara faɗuwa! Ni ba na firgita." Ya juye sauran kuɗin gwangwanin.

Kalanda ƙarƙashin gado, kalanda saman kwaba, har ƙofar ɗaki ba ta buɗuwa sai an shiga a karkace. Matarsa ta riƙe haɓa.

"Maigida, ina babur ɗin?"

Ya daki wani ƙunshi. "Ga shi nan, har da mota a ciki. Ke ba ki halarci taron ba."

"Kai da ka halarta, kujera aka ba ka ko tire?"

Washegari ya ɗauki guda ashirin ya kai ofis, wai zai gwada kasuwa. Akanta ya buɗe ɗaya, ya yi dariya har da buga tebur. Don ya ƙara masa gishiri ya ce, "Kada ka damu, ai ranakun suna dawowa daidai. Ka jira kamar shekara goma sha ɗaya."

Gogan ya dawo gida yana washe baki. "Kin ji ko? Akanta da kansa ya tabbatar. Shekara sha ɗaya kacal!"

Ta ce, "To lambar shekarar da aka buga ɓaro-ɓaro a sama fa, ita ma dawowa za ta yi? Wallahi ka kwashe tarkacen nan ka karɓo kuɗinmu, ko yau a kansu za ka kwana, a waje."

Ba yadda ya iya. Ya ɗora ƙunshi a ka, ya taka da ƙafar nan tasa har shagon, gumi na ɗiga.

"Na zo in sayar. Nawa suke yau?"

Mai shago ya ce, "Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Ranar da ka fara zuwa, mai kwasar shara nake jira in biya shi ya ɗebe su. Yanzu ko kyauta ba mai karɓa."

Gogan ya sauke ƙunshin a hankali, ido ya kawo haske. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya matso kusa ya rage murya.

"Ashe ya kai ƙasa ke nan. Don Allah kada ka gaya wa kowa. Akwai na bara waccan?"