Baba Ɗingishi Ya Daina Bugu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da ta rasa inda za ta sauke, Alhaji Ilu mai wandunan jins na kasuwar Canaan, madugun ƙungiyar badujala ta baƙin unguwar Sanyuanli, yana sanar da 'yan'uwa da abokan kasuwa na nan Guangzhou da na gida rasuwar tsohon abokin aikinsa, agogon kiɗan nan da aka fi sani da Baba Ɗingishi. Ya cika ranar Lahadin makon jiya bayan la'asar, a ɗakin gwaji da ke saman sito, yana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinya ta tsatsa.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan akwatin katako ne mai faɗin gindi da tsinin kai, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ana ce masa agogo amma bai taɓa faɗa wa kowa lokaci ba. Harshe ɗaya gare shi na ƙarfe, a tsaye. In an murɗa masa makulli sai ya dinga kaiwa dama da hagu, yana ba makaɗa ma'auni, don kada mai begila ya tsere wa mai ganga.

Haifaffen ƙasar Faransa ne, amma a barikin soja na Damagaram ya girma, a hannun marigayi Mahamadou, tsohon makaɗin soja, wanda ya shigo da shi ƙasar nan ta Sin cikin safa a aljihun jaka. Mahamadou, Allah ya jiƙansa, shi ya tara 'yan kasuwar da ke da sauran iska a ƙirji ya mai da su ƙungiya: Kanawa, 'yan Nijar, mutanen zango na Kumasi. Yana da ɗingishi a ƙafar hagu. Agogon ma yana da shi. Sun faɗo daga bayan motar soja rana ɗaya, kowa ya tashi da nasa. Shi ya sa sauran agogunan duniya ke cewa tak, tak, shi kuwa Baba sai ya ce tak, ta-ak. In ya je hagu sai ya ɗan jinkirta, kamar mai jiran ƙafarsa ta iso.

An sha ba Mahamadou shawara ya kai shi gyara. Amsarsa ɗaya ce, wai tafiya miƙe sak ta soja ce, su kuwa masu ɗaukar dila ne, ai mai kaya a kai dole ya jinkirta gefe ɗaya. A kan wannan bugu ya tsara taken ƙungiya, wanda ya sa wa suna Tashin Kaya. Bai rubuta shi a ko'ina ba. Ya zuba shi ne a kunnuwan mutane, yana dukan tebur yana cewa "Ankor," wato a sake, har sai da ya zauna.

Da ciwo ya kwantar da Mahamadou, sai ya kira Alhaji Ilu gefen gado ya danƙa masa sandar madugu da agogon. Alhaji ya ce masa shi fa bai san baƙi ko ɗaya na kiɗa ba, ƙyalle ya sani. Mahamadou ya ce ya kalli harshen Baba kawai, inda ya je hannu ya bi. Da Mahamadou ya rasu, a maƙabartar Musulmi ta nan garin aka rufe shi, gida bai samu ganin gawarsa ba. Tun daga ranar, duk Lahadi Alhaji na tsaye gaban mutane yana kaɗa sanda, ido ɗaya na kan kantar da ake ajiye Baba. Jama'a na yaba hannunsa. Shi ya san hannun wa yake bi.

Marigayi Baba mai haƙuri ne. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. 'Yan sanda sun sha hawowa duba fasfo, ƙungiya ta watse ta bar shi shi kaɗai yana bugu ga kujeru, bai tona kowa ba. Ya yi zama da masu begila da ke zuwa a makare daga masana'antun jins na Xintang da shuɗin rini a farce, ya yi zama da masu busa baƙin da ba shi ne ba kuma su rantse shi ne. Aibinsa ɗaya, ba ya jin lallashi. Ko kai wane ne a kasuwa, in ka yi sauri zai bar ka ka tafi kai kaɗai.

Ya rasu ya bar begila shida, biyu a lotse, ƙaton ƙaho ɗaya da ake ɗaure wa baki da salatif, babbar ganga, wadda suka fi shaƙuwa da ita, sarewa uku, da sanda ɗaya da yanzu ba ta san wa za ta kalla ba. Ya kuma bar Hasiya mai tuwo, da ke dafa abinci a hawa na ƙasa, wadda ta ce shekara da shekaru da bugunsa take tuƙa tuwon Lahadi. Ita ce ta fara cewa tun bayan rasuwar Mahamadou, duk sa'ad da aka murɗa agogon a sama, sai ta ji kamar wani na hawa matakala, ƙafa ɗaya na jiran ɗaya. An yi mata dariya. Alhaji bai yi ba.

Ciwon ajali ya kama Baba ne a lokacin nan na shekara da bangon garin nan ke gumi, tayil ya jiƙe, riga ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Muryarsa ta dushe. Aka sa shi cikin buhun shinkafa ya kwana, aka ɗiga masa man keken ɗinki. Ranar da zai tafi, ana tsakiyar Tashin Kaya, ya ce tak, ya karkata hagu, bai dawo ba. Hannun Alhaji ya tsaya a sama tare da shi. Kiɗa ya zube, kowa ya sauke abin busarsa.

An garzaya da shi wurin wani tsohon Basine mai gyaran agogo. Ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana dubawa da gilashi a ido, sannan ya ce irin kayan cikin nan meyo, wato babu su. Amma zai iya zuba masa sababbi, ya tashi garau, har ɗingishin ma ya warke, ya dinga bugu daidai kamar na kanti. Alhaji ya tambaya ko za a iya tayar da shi da ɗingishinsa. Tsohon ya girgiza kai. Alhaji ya yi masa godiya, ya naɗe gawar a hankici ya dawo da ita. Ya gaya wa mutane gara ya mutu yana shi, da ya tashi yana takun wani.

Ga kuma wasan bazara ya ƙarato, wanda ƙungiya ke yi wa baƙin da ke sauka don baje kolin Pazhou, kuma da Tashin Kaya ake buɗewa. Alhaji ya kwana da sanin cewa in bugun nan ya ɓata, babu takardar da za a nemo shi, kuma abin da ya rage na Mahamadou a duniya ke nan.

Lahadin nan da ta wuce aka taru. Sirajudeen, mai babbar ganga, mutumin Kumasi, ya ciro waya ya ce yana da agogon kiɗa a ciki wanda ba ya kuskure. Aka kunna. Ba a yi nisa ba ƙungiya ta harɗe, waya na gaba, mutane na baya. Aka sake, haka. Sirajudeen ya kashe wayar da kansa, ya ce, "Alhaji, wannan ba ya jiran kowa. Ɗaga hannunka kawai."

Alhaji ya kalli kanta, ba kowa. Ya ɗaga sanda, ya sauke. Ganga ta shiga, begila suka bi. Da aka zo hagu, gaba ɗayansu suka jinkirta tare, babu wanda ya kalli wani. A cikin ɗan shirun nan Alhaji ya ji ta-ak, sarai, daga bayansa ta wajen ƙofa. Bai waiwaya ba har aka kai ƙarshe. Da aka gama, Hasiya ta leƙo da muciya a hannu tana tambaya wa ya gyara Baba.

Ba za a yi masa salla ba, katako ne, liman ya riga ya ja kunne. Ba kuma za a binne shi a nan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a naɗe shi cikin safar da ya zo da ita, a sa shi tsakiyar dilar jins, a loda shi a kwantenar da za ta sauka Kwatano. Daga can mota za ta kai shi Damagaram, hannun iyalin Mahamadou. Tunda mai shi bai samu komawa ba, shi ya koma.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gwaji, Lahadi bayan la'asar. Mai zuwa ya zo da abin busarsa. Matakalar ƙunci gare ta, a hau a hankali. In ka ji ana tahowa a bayanka ƙafa ɗaya na jiran ɗaya, ka raɓe jikin bango ka ba da hanya.